Shekarar da Na Bi Sadakata Gida-Gida

Bari in fara da abin da zai fi yi maku daɗi, don kada ku sha wahalar nemansa a tsakiyar takarda: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, ubanku, da gemuna da tabarau da komai. Na duba ko zan samu wanda zan raba wautar da shi, ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, ban samu ba. Na so in ɗora wa kajin, tunda sun mutu ba su da bakin ƙaryata ni, sai na tuna Innarku tana nan da ranta, kuma tana karanta boko fiye da yadda take nunawa. Saboda haka zan faɗi gaskiya, tunda an toshe mani sauran hanyoyin.

Abin da kuka sani shi ne, a shekarar da annoba ta shiga kajina, ni na garzaya da ƙafata na kira ma'aikatan dabbobi, na sadaukar da dukiyata don tsare jama'a, ita kuma Innarku sanyin ƙirji ne ya kwantar da ita a daidai lokacin. Haka na faɗa maku a waya, ke Saude kina ɗakinki a Malumfashi, kai Nasiru kana Kaduna, har ka ce kana alfahari da ni. Ka janye alfaharin nan ka adana shi, wataƙila wata rana ka samu inda ya dace.

Kun san iyakar karatuna. Na gama firamare, na leƙa sakandare na ga yadda take, ita ma ta ga yadda nake, muka rabu ba tare da rigima ba. Da wannan guntun ilimi na yi shekaru ina malamin sikeli a kamfanin gurzar auduga nan Funtua, biro uku a aljihu, ɗaya ne kawai ke rubutu. Mutumin da bai shiga aji ba yana tambaya, wanda ya yi karatu mai zurfi shi ma na ga yana tambaya. Mu na tsakiya mu ne ba a faɗa mana komai, domin duk maganar da aka ɗauko mun taɓa jin rabinta. Da na ajiye aiki na gina ɗaki biyu a bayan gida na zuba kaji masu ƙwai, Allah ya sa suka yi kyau shekara biyu a jere. Sai mutane suka fara zuwa neman shawara, ni kuma ba na mayar da kowa hannu wofi: wannan in ce ya fasa kafso mai ja da rawaya a ruwa, wancan in ce ya daka barkono, wata in ce ta jiƙa ɓawon maɗaci. Kazar da ta warke ni ne, wadda ta mutu kwananta ne ya ƙare. Wani mai shayi a bakin tasha ya kira ni Dakta cikin wasa, sunan ya kama. Na yi kwana uku ina nuna ba na so, daga nan in wani ya ce mani Malam Isiyaku sai in ji kamar an rage mani girma.

Da sanyin shekarar ya shigo, rediyo ta fara maganar murar tsuntsaye. Kullum sai an ce kada a taɓa tsuntsun da ya mutu haka kawai, kada a yanka marar lafiya, a sanar da ma'aikata. An ce takan kama mutum, kuma masana na tsoron kada wata rana ta rikiɗe ta zama annobar duniya. Lokacin ba a daɗe da fita daga wahalar korona ba, mutane suna da sauran tsoro. A majalisarmu ta bayan la'asar aka juyo gare ni, na gyara zama, na goge tabarau.

“Jama'a ku kwantar da hankalinku, na gama nazarin wannan cuta. Na ɗaya, kakanninmu sun ci kaza mai mura tun kafin a haifi mai rediyon, kuma ga mu. Na biyu, jinin mutum daban, na tsuntsu daban. Na uku kuma wuta. Ku nuna mani ƙwayar cutar da za ta shiga tafasasshen mai ta fito da ranta. Masu cewa za ta game duniya kwangila suke nema.”

Aka yi ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne bai gyaɗa ba, Bawa, wani Bamaguje daga ƙauyen da ke bayan Ƙarfi, mai kawo mani masara da dusa. Shekararmu ashirin muna tsokanar juna da shi. Ya tofar da tsinken da ke bakinsa ya ce:

“Dakta, mu dai a can, in kaji suka fara zubewa da rana tsaka ba su yi ko kwana ɗaya suna ciwo ba, rami muke tonawa mai zurfi mu zuba toka, ko kare ba mu bari ya kusanta.”

“Kai Bawa, kai da ba ka rarrabe mushe da halal, kai za ka koya mani kaza?”

“Ba zan koya maka ba. Amma abin da ke kashe kaza tsaba na bakinta, ni ina ba shi hanya.”

Aka yi dariya, a ganina dariyar ta wajena ce.

Bayan mako guda na je wata kasuwa wajen Danja na tarar da wani dillali da kaji masu ƙwai, manya, yana sayarwa da irin arahar da mai hankali ke tambayar dalilinta. Ban tambaya ba. Na ɗauka na yi mashi wayo, na lodo su, na zuba su kai tsaye cikin nawa. Ranar Juma'a da safe na fito zan ba su abinci, tun daga tsakar gida na ji abin da ban saba ji ba: shiru. Duk wanda ya zauna da kaji ya san ba su iya shiru. Na buɗe ɗakin farko na ga wasu a kwance sun sandare, wasu a tsaye suna layi, fuska ta kumbura, zankon kansu ya koma shuɗi, ƙafafu sun yi jaja-jaja kamar an zane su. Abin da rediyo ta siffanta kenan, ba ragi. Na gane shi a kallon farko. Ku riƙe wannan, domin duk abin da ya biyo baya ba a cikin rashin sani na yi shi ba.

To, akwai wata ɗabi'a tamu da kuka sani. A gidajenmu dabba ba ta mutuwa da kanta matuƙar akwai namiji a gida. Da an ga akuya ko kaza ta fara layi sai ka ji mata sun ƙwala kira, a kawo wuƙa, a kawo wuƙa! Ana tsere da mutuwa, in ka riga ta ka samu nama, in ta riga ka ka samu mushe da abin gori. Tun ina yaro na ga an yi wa wani maƙwabcinmu dariyar shekara guda don tunkiyarsa ta mutu yana neman inda ya ajiye wuƙa. Hannuna ya san wannan tsere tun kafin kaina ya san rediyo. Sai kuma wani tunani ya zo ya zauna a kan wancan: in aka ji kajin Dakta na mutuwa, Dakta ma ya mutu. In kuma aka ji Dakta na rabon kaji ranar Juma'a, wannan wani labari ne daban. Nan take na yanke cewa sadaka zan yi wa mahaifina ta zagayowar ranar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, da damina ya rasu, na matso da shi cikin sanyi ba tare da na nemi izininsa ba.

Ga wurin da alƙalamina ke nauyi. Kafin in koma ɗakin da wuƙa, na naɗe hancina da bakina da rawani, na zura hannuwana cikin leda, bibbiyu kowane hannu, na ɗaure a wuyan hannu. Ni mai jinin mutum daban na tsuntsu daban. Na yanka duk wadda ke da sauran motsi, na gama, na kwance ledojin na jefa a masai, na wanke hannu da sabulu har sau uku, na gyara rawani. Sannan na kwaso wani kaso na zube a gaban Innarku a bakin murhu.

Ta ɗaga ɗaya ta juya ta.

“Malam, waɗannan kajin lafiyarsu kuwa? Dubi fuskarsu.”

“Sanyi ne. Sun kuma tsufa da ƙwai, dama ina da niyyar rage su.”

“Na ji rediyo tana cewa...”

“Rediyo ta taɓa kiwon kaza? Hajiya, ana zuwa tun daga Bakori neman shawarata, a gidana ne za a yi mani gardama?”

Ta miƙe ta ɗora ruwa. Tun hantsi take figa har aka kira azahar. Ina iya ganinta yanzu, gashin kaza ya manne mata a hannu har gwiwa, tururin ruwan zafi na dukan fuskarta, tana share gumi da bayan hannun da ke da jini. A babban yatsanta akwai yankan wuƙa na shekaranjiya, ta ɗaure da tsumma. Na ga tsumman. Sauran kajin kuwa ban bari an fige ba, na ɗaura su a babur na bi gida goma sha ɗaya ina rabawa da gashinsu, matan kowane gida su gyara. Limamin unguwa kaji biyu ya samu, ya kuwa yi wa mahaifina addu'a mai tsawo har na ji ƙwalla. Waɗanda suka mutu kafin wuƙata ta isa gare su na cusa a buhu na jefar a kwazazzabon bayan gari. Gashi da kayan ciki aka zubar a juji, inda kajin unguwa ke kiwo.

Ranar Talata Innarku ta tashi da zazzaɓi, idanu jajur, da tari. Na je kemis na ce maleriya ce, domin ni ke faɗa wa mai kemis cuta, shi nasa miƙo magani. Ranar Alhamis ta kasa gama alwala a tsaye. Numfashinta ya koma kamar na wanda ya hau dutse da kaya. Ƙanwarta Asabe ita ta zo ta daka mani tsawa ta tare Napep muka tafi asibiti.

Likitan yaro ne, bai fi Nasiru ba. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya yi tambayoyi, can sai ya ce:

“Baba, kuna kiwon kaji? An samu masu mutuwa kwanan nan?”

“Kaji kam muna da su. Lafiyarsu ƙalau.”

Ya juya wajenta.

“Hajiya, kin taɓa tsuntsu marar lafiya ko matacce a 'yan kwanakin nan?”

Ta juyo da kanta a kan filo ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ta ja numfashi sau biyu kafin maganar ta fito.

“Yadda Malam ya faɗa.”

Shekara arba'in ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban baƙo ba, ba ta kuma fara ranar ba, ko da kuwa ranta ne a kai. Likita ya rubuta, aka ba ta gado, aka fara maganin sanyin ƙirji. Ni kuwa na fito na zauna a bencin ƙofar ɗakin mata, na ci gaba da nazari. Kwana biyu na yi a bencin nan ina auna haɗari kamar yadda na saba auna auduga, sai dai wannan karon yatsana na kan sikelin. In ce ai gida goma sha ɗaya sun ci, ba wanda ya kwanta. In ce ai dama tana da tari duk sanyi. In ce in na yi magana za su kashe ɗaki na biyu da bai kamu ba, za su zo da fararen kaya unguwa ta taru, za a san abin da na raba da sunan mahaifina. In ce bari mu ga gobe. Gobe ta zo aka sa mata robar iska a hanci.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Bawa. Ya kai masara gida bai same ni ba. Bai zauna ba, ya tsaya a kaina da hularsa a hannu.

“Dakta, na bi layinku tun daga bakin titi, ban ji kukan kaza ko ɗaya ba. Iya Talatu mai ƙosai na zaune tana kuka, nata duka sun zube, har agwagin. Ka faɗa wa likita?”

“Bawa, abin yana da tsari, ba ka gane ba.”

“E, ban gane ba. Ni dai in na kai mutum wurin mai magani maciji ya sare shi, ba na cewa tuntuɓe ya yi. Matar nan ita ke aiko mani da fura duk zuwana, shekara ashirin. In ba za ka shiga ba, nuna mani ƙofar, ni in shiga in faɗa da irin Hausata.”

Ina so in rubuta cewa zuciyata ce ta tashe ni daga bencin. Gaskiya ita ce na ga Bawa ya fara takawa. Na riga shi da taku uku. Na samu likita na ce mashi akwai ɗan gyara a bayanin shekaranjiya. Ya saurara har na gama, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye biro ya ce:

“Baba, kwana biyu. Akwai maganin da ake ba wanda ake zargin ya kamu da irin wannan, kuma amfaninsa a farko yake. Ka kuma sa mun kwantar da ita cikin mutane.”

Kafin azahar an mayar da ita ɗaki ita kaɗai, mai shiga sai da takunkumi da safar hannu. Aka ɗebi abin gwaji a hancinta da maƙogwaro, aka ce za a aika nesa, sakamako zai ɗauki lokaci. Aka fara sabon magani. Ni aka hana ni shiga, sai leƙe ta taga.

Da la'asar wata jami'ar lafiya ta zo, Malama Hajara, sa'ar Saude, da littafi a hannu. Ta gaishe ni da ladabi har na fara jin ƙarfin gwiwa, na soma yi mata bayanin jinin mutum da na tsuntsu. Ta bari na kai aya.

“Baba, wani ɓangare na maganarka gaskiya ne. Cutar ta tsuntsaye ce, ba ta cika kama mutum ba, kuma naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron yana wajen yanka da figa da fasa ciki, inda jini da gashi da kashi suke. In ta kama mutum kuwa takan yi tsanani. Amma abin da ya sa na baro ofis ya wuce Hajiya. Zuwa yanzu cutar ba ta iya bin mutane daga wannan zuwa wancan cikin sauƙi ba. Duk lokacin da ta shiga jikin mutum, dama ce aka ba ta ta koya. Ranar da ta koya, ba sai an taɓa kaza ba, tari ya isa. Shi ya sa nake son sanin duk wanda ya taɓa kajin nan, da duk wanda ya taɓa Hajiya bai taɓa kaji ba. In na farko ya kwanta, mun san hanyar. In na biyu ne ya kwanta, to maganar ta wuce Funtua. In ka ɓoye mani suna ɗaya, ƙarya zan aika sama, su kuma da ita za su yi hukunci.”

Ta buɗe littafin.

“Kai ka yanka. Da me ka kare jikinka?”

Na duba ko Bawa ya tafi, bai tafi ba. Na faɗa mata rawani, na faɗa mata leda, bibbiyu. Ta ce madalla, na yi dabara. Ta rubuta.

“Hajiya fa?”

“Ita ba ta sa ba.”

Biron ya tsaya.

“Ba ta sa ba, ko ba a ba ta ba?”

Ban san abin da ta rubuta a layin ba, ban kuma nemi gani ba.

Washegari na yi tafiyar da ta fi kowace tsawo a rayuwata, alhali ba ta wuce layi uku ba. Malama Hajara ta ce sai na raka ta, domin ni na san gidajen. Ku yi tunanin mutum yana bin sadakarsa gida-gida. Mu yi sallama, mai gida ya fito da fara'a yana cewa Dakta an gode da abin arziki, Allah ya kai lada kabari, ni kuma in ce dama a kan abin arzikin muka zo. Sai fara'ar ta sauka a hankali. A kira matar da ta fige, a tambaye ta ta bayan labule, a rubuta sunanta, a ce in ta ji zazzaɓi cikin kwana goma ta kira. A gida na huɗu matar tana da tsohon ciki. Mijinta, wanda na halarci sunansa, ya shiga tsakanina da ƙofar zaurensa ya tsaya. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce:

“Malam Isiyaku, addu'ar da na yi wa mahaifinka tana nan, shi bai yi komai ba.”

Tun ranar bai sake ce mani Dakta ba. Iya Talatu kuwa, da kajinta suka ci a jujinmu, ba ta cikin waɗanda na kai wa sadakar, ita rabonta annobar ce kawai. Ta nuna mani akurkinta a buɗe ta ce da su take yi wa jikokinta ɗinkin Sallah, ta tambaye ni ko akwai kafson da ke tayar da matacce.

Ma'aikatan dabbobi suka zo a ranar, da fararen kayansu har kai, kamar yadda na ji tsoro, unguwa ta taru kamar yadda na ji tsoro. Suka kashe ɗaki na biyu gaba ɗaya, wanda ma ya riga ya fara zubewa. Suka tona rami, suka yi feshi, suka sa na kai su kwazazzabo na nuna buhunan, karnuka sun riga sun yage biyu. Duk abin da na yi ƙarya don in tsare, sai da na rasa shi, na ƙara da kwana biyun Innarku a kai.

A cikin kwana goman nan na san tsoro. Kullum da safe Malama Hajara na zagaya gidajen, ni kuma ina bakin taga ina ƙirga numfashin Innarku. A kwana na biyar Asabe ta tashi da zazzaɓi. Asabe ba ta taɓa kaza ko ɗaya ba, 'yar'uwarta kawai ta yi jinya. Na ga fuskar Malama Hajara lokacin da aka faɗa mata, na ga ta koma gefe tana waya da muryar da ban san tana da ita ba. A ranar na fahimci abin da rediyo ke nufi da annobar duniya. Na zauna ina tunanin a ce abin da zai rufe kasuwanni da masallatai, ya hana mutane binne 'yan'uwansu, daga bakin murhun gidana ya tashi, saboda wani tsoho na son a ci gaba da kiransa da sunan da mai shayi ya raɗa mashi. Allah ya taimaka maleriya ce, ta gaske wannan karon, kwana uku ta miƙe. Mai cikin ta sauka lafiya. Ba wanda ya kwanta a gida goma sha ɗayan.

Innarku ta yi mako uku kafin a sallame ta. Ta dawo zanenta na zagaya ta sau biyu, in ta je bakin rijiya sai ta huta a hanya, kuma har yau kun san ba ta iya dogon zance ba ta tsaya ta ja iska ba. Kuna cewa tsufa ne. Ba ta yi mani maganar ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da zuba mani tuwo, tana tambayata ko miya ta ji gishiri. Na so ta yi faɗa, ta ƙi.

Ana nan sai Malama Hajara ta zo da takarda. Ta ce gwajin kaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce. Na Hajiya kuwa ba a ga ƙwayar cutar a ciki ba. Ta ƙara da cewa mai yiwuwa wani ciwon ne daban ya zo a daidai lokacin, mai yiwuwa kuma an makara wajen ɗibar gwajin ne, ba wanda zai iya rantsuwa. Kun san kunnen ubanku. Rabin farko ya shiga, rabin ƙarshe ya tsaya a zaure. Tana fita na ji wani abu yana miƙewa a ƙirjina, tsohon Dakta ne yana kakkaɓe riga. Na sa tabarau, na ɗauki takardar na shiga cikin gida. Innarku na zaune a tabarma a inuwar ɗaki, da faifai a cinya tana tsince shinkafa.

“Hajiya, albishirinki. Sakamako ya fito. Ba ita ba ce! Ga shi a rubuce da hatimi, ba a ga komai ba. Ashe duk wannan tashin hankali, da an bi maganata tun farko, ai na ce jinin mutum...”

Ba ta karɓi takardar ba. Ta cire wani ɗan dutse ta jefar, ta ja numfashi irin nata na yanzu.

“Malam, ranar da ka zube kajin nan a gabana, wannan takardar tana aljihunka?”

Na ce a'a.

“To ninke ta ka ajiye. Ni aka yi wa gwaji. Naka sakamakon ai tun ranar Juma'ar nan ya fito.”